Ambaliya ta cinye gonata, wa zan kai ƙara?

Tun da aka fara jin labarin cewa a wasu ƙasashe ana neman kafa dokar da za ta hana a kai manyan kamfanoni ƙara kan ɓarnar sauyin yanayi, manoma suke ta aiko mini da tambayoyi. Ga uku daga ciki.

Wani manomin shinkafa daga Yagwa ya ce: "Malam, ruwan 2024 ya shanye mini gona shinkafa tana da ciki. An ce hayaƙin masana'antun Turai ne ya jawo. Zan iya ƙararsu su biya ni? Kuma wace doka ce ake cewa za ta hana?"

Baba, Allah ya mayar da alheri. Ba kai kaɗai abin ya shafa ba. A 2024 ɗin ruwa ya taɓa mutum sama da 400,000 a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, har gada ta karye a cikin garin Yagwa. A Cadi kuwa kusan mutum miliyan 2 ne, an rasa rayuka 576. Masana da suka bi diddigin daminar sun ce ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan ƙarfi da kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari a yankin Tafkin Cadi da kogin Neja. Ka ga maganar da ka ji tana da tushe, ga shi Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Amma kotu ba ta tsaya kan cewa an cuce ka kawai. Dokar farar hula da ake aiki da ita a nan Kamaru da Cadi, sashe na 1382, ta ce wanda laifinsa ya jawo wa wani asara shi zai biya. Dole ka nuna laifin, ka nuna asarar, sannan ka nuna cewa laifin wane ne ya haifi asararka. Na ukun nan shi ne wuyar aikin, don hayaƙi in ya tashi sama gauraya yake yi, ba ya ɗauke da sunan mai shi.

Wani manomi ɗan ƙasar Peru, Saúl Luciano Lliuya, ya gwada. A 2015 ya kai ƙarar kamfanin wutar lantarki na Jamus, RWE, saboda ƙanƙarar duwatsun garinsu tana narkewa, tafkin da ke saman garin yana cika, yana tsoron ya fashe ya ci gidansa. Bai nemi su biya duka ba. Lissafi ya nuna kamfanin ya fitar da kusan rabin kashi 1 cikin ɗari na hayaƙin masana'antun duniya, sai ya nemi su biya daidai rabonsu na kuɗin aikin kariya, wajen Yuro 17,000, wato sefa miliyan 11 da 'yan kai. Shekara 10 ana shari'a. A watan Mayun 2025 kotun birnin Hamm ta kori ƙarar, ta ce haɗarin da ke kan gidansa bai kai a biya shi ba. Sai dai alƙalan sun faɗi abin da ya tayar wa kamfanoni hankali: bisa doka, ana iya kama babban mai fitar da hayaƙi da alhakin ɓarna ko da a wata nahiya ta auku.

Wannan ƙofa ce ake son rufewa. A Niyu Zilan kotun ƙoli ta amince a 2024 a saurari ƙarar da wani dattijon ƙabilar Mawori, Mike Smith, ya shigar kan kamfanoni 7, har da babban kamfanin madara Fonterra, sai 'yan siyasa suka taso da batun dokar hana irin wannan ƙara. A Amurka ma manyan lauyoyin jihohi 16 sun nemi a 2025 a yi wa kamfanonin mai garkuwa. Hujjarsu ita ce majalisa ya kamata ta tsara batun hayaƙi ba alƙali ba, kuma shari'a za ta tsadar da wuta da mai. Ni ban gamsu ba. Majalisar Amurka ba kai ka zaɓe ta ba, ba za ta taɓa jin sunan gundumarku ta Mayo Danay ba. Kotu kaɗai ce wurin da talaka daga nesa zai iya tsayawa a saurare shi. Ko yarjejeniyar sauyin yanayi ta Faris ta 2015, an rubuta a takardar amincewa da ita cewa maganar asara da ɓarna ba ta zama hujjar neman diyya ba. Kotun Duniya da ke Heg ta ce a Yulin 2025 ƙasar da ta yi sakaci ana iya neman ta biya, amma ra'ayi ne na shawara, kuma tsakanin ƙasa da ƙasa ne.

Saboda haka, Baba, kada ka sayar da ko akuya don kuɗin lauya kan wannan. In dai akwai hannun wani na kusa, kamar wanda ya fasa madatsa da dare don ya tsirar da gonarsa ya juyo maka ruwa, wannan shari'ar gida ce, ka fara daga jauro da lawan.

Shugabar wata ƙungiyar mata masu noman albasa kusa da Marwa ta ce wani ya zo musu da takardu, wai kowace ta ba da kuɗin rajista a sa sunanta a asusun diyyar sauyin yanayi.

Hajiya, kada ku ba shi ko dala. Asusun gaskiya ne, an amince da shi a Masar a 2022, aka buɗe shi a Dubai a 2023 da alƙawarin kusan dala miliyan 700 na Amurka, kuɗin da aka ware wa duk ƙasashe masu tasowa. Ta hannun gwamnatoci da hukumomin da aka tantance yake bi, ba a sayar da rajistarsa a ƙauye. Abin da zai amfane ku shi ne littafin ƙungiya. Ku rubuta faɗin gonar kowace, ranar dashe, buhun taki nawa aka zuba. In ruwa ya ci ko rijiya ta ƙafe, ku ɗau hoto da waya a ranar, da wata bishiya ko gini da za a gane wurin, ku kira malamin gona ya gani da idonsa ya rubuta. Idan tallafi ya zo, jerin sunayen da aka haɗa tun farko ake bi, wanda bai shiga ba sai kallo.

Wani daga Bongor ya ce ya ji shanu da shinkafa ma suna fitar da iskar da ke ɗumama duniya, yana tsoron wata rana a zo a ci shi tara.

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Gaskiya ne gyatsar saniya da gonar shinkafa da ruwa ya kwanta a ciki suna fitar da iskar metan, amma ƙararrakin nan kan manyan kamfanoni ake yin su. In kana son rage naka, ga hanyar da za ta rage maka kuɗin man injin ban ruwa. Ka sami bututun roba mai tsawon santimita 30, ka huhhuda rabinsa, ka kafa ɓangaren hujin a ƙasa, ka kwashe laka daga ciki. Mako 2 bayan dashe ka bar ruwa ya janye. Sai ka leƙa bututun ka ga ruwan ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar gona, sannan ka sake ba ta ruwa ya hau santimita 5. Saiwar tana sha ko da sama ya bushe. Daga mako guda kafin fure zuwa mako guda bayansa kada ka bar gonar ta bushe ko kwana ɗaya, in ba haka ba ƙaiƙayi za ka girba. Wannan na mai injin kansa ne a bakin kogin Logon. Wanda ke jiran layin ruwa a babban fili, sai sun shirya da maƙwabtansa tukuna.