Daga Ina Do, Re, Mi Suka Samo Asali?

TAMBAYA: Malam, muna firamare aka koya mana rera do, re, mi, amma ba a taɓa gaya mana wanda ya ƙirƙiro su ba. Shin tun asali Turawa rubuta kiɗansu suke yi, ko su ma da ka suke riƙe shi kamar makaɗanmu? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Malama, su ma da ka suka fara. Tsofaffin waƙoƙin ibada na cocin Roma, waɗanda ake jingina wa Paparoma Gregory na Ɗaya da ya rasu a shekarar 604, da murya ɗaya ake rera su, babu kayan kiɗa, kuma yaro yakan shafe shekaru yana haddarsu daga bakin malaminsa. A ƙarni na 9 aka fara ɗiga wasu 'yan alamomi a saman kalmomi domin nuna inda murya za ta hau da inda za ta sauka, sai dai ba sa faɗin iyakar hawan, saboda haka amfaninsu bai wuce tuni ga wanda ya riga ya san waƙar ba.

Wanda ya warware wannan matsala shi ne Guido na garin Arezzo a Italiya, wani malamin zuhudu mai koyar da mawaƙan coci, a wajen shekarar 1025. Ya ja layuka a kwance, ya shafa wa ɗaya ja, ɗaya rawaya, ya ba kowace murya mazauninta a kan layi ko a tsakanin layuka, ta yadda mawaƙi zai iya rera waƙar da bai taɓa ji ba. Sunayen da kika tambaya kuwa ya tsamo su ne daga wata waƙar yabon Yahaya Mai Baftisma, wadda kowace gaɓarta ke farawa da mataki ɗaya sama da ta baya: ut, re, mi, fa, sol, la. Sai a ƙarni na 17 do ta maye gurbin ut, murya ta bakwai kuma bayan zamanin Guido aka ƙara ta.

A ganina layukan sun fi sunayen nauyi, ko da yake sunayen ne suka yi suna, domin rubutu ne ya ba mai tsara waƙa damar zaunawa ya saƙa muryoyi daban-daban a lokaci guda ba tare da sun ci karo ba. Wajen shekarar 1200, Perotin na cocin Notre-Dame a Paris har muryoyi huɗu yake haɗawa. A 1501 Ottaviano Petrucci ya buga littafin irin waɗannan waƙoƙi da injin ɗab'i a Venice, aka huta da dogaro da kwafar hannu kaɗai. Wasan kwaikwayon waƙa na Claudio Monteverdi mai suna L'Orfeo, wanda aka fara nunawa a Mantua a 1607, har yau ana yin sa ne daga takardar da aka buga a 1609.