Wata uku kafin jarabawar baƙar ɗamara: kada ka saki kihon

Ƙanena, ka ce saura wata uku ka shiga jarabawar shodan, wato matakin farko na baƙar ɗamara, ta kareti a nan Accra, ka haddace Bassai Dai, ɗaya daga cikin kata, wato tsararren jerin motsi da ake haddacewa, kana tambaya ko ka rage kihon, wato atisayen tushe na tsayuwa, kariya, naushi da shuri, ka mai da hankali kan kata. Don Allah kada ka rage. Da kihon masu jarabawa ke fara auna mutum, kuma duk aibin da ke cikinsa sai ya bi ka har cikin motsi 42 na Bassai Dai.

Fara da ƙafa. A zenkutsu dachi, tsayuwar gaba, kashi 60 na nauyinka yana kan ƙafar gaba, gwiwa ta rufe maka babban yatsa idan ka duba ƙasa, dugadugin baya kuma a manne da ƙasa. A kokutsu dachi, tsayuwar baya, kashi 70 yana baya. A nan da yawa ke faɗuwa: da sun gaji sai nauyi ya dawo tsakiya, tsayuwar ta zama ba wannan ba ba waccan ba. Ka ja layi biyu da alli a kan siminti, faɗin kafaɗarka, ka taka a kansu gaba da baya cikin zenkutsu dachi. Sannan ka ɗaura igiya daidai saman kanka in kana cikin tsayuwa. Duk takun da kanka ya taɓa igiyar, miƙewa ka yi, ƙarfin ya tafi sama maimakon gaba.

Sai ƙugu. Wajen karewa, age uke (kariyar sama) ko soto uke (kariya daga waje zuwa ciki), ƙugu a karkace yake. Wajen gyaku zuki, naushi da hannun da ke gefen ƙafar baya, sai ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci gaba. In ƙugu bai juya ba, naushin hannu ne kawai, kuma daga nesa ake gane shi. Hannun da ke komawa, wato hikite, ka ja shi da ƙarfin da ka kai naushin, ya sauka saman ɗamara, gwiwar hannu a matse ta baya.

A shuri, ɗaga gwiwa tukuna, kuma ka dawo da ƙafar kafin ka ajiye ta. Shurin keage kamar bulala yake, shurin kekomi kuma turi ne. Kada su zama abu ɗaya.

Bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, kowane haɗin motsi na kihon ka yi goma a hankali, goma da cikakken gudu, da kiai, wato ihun ƙarfi, a takun ƙarshe. Sau biyu a mako ka juya tsarin: kata sau biyar, sannan kihon kana haki, domin a gajiye aibi ke fitowa. In hunturu ya kawo faso, shafa man kaɗe da dare, ba dab da atisaye ba, don santsi.

Ka roƙi sensei ɗinka, wato malaminka, takardar manhajar ƙungiyarku a wannan makon, saboda haɗin da ƙungiyar kareti ta JKA ke tambaya ba daidai yake da na ƙungiyar SKIF ba.