Gidan sauro, fiya-fiya ko man shafawa: wanne zan fara saya?

Wata uwa daga Gusau ta rubuto: "Yarana uku, ƙaramin bai cika shekara biyu ba. Kullum muna kunna maganin sauro mai hayaƙi, wani lokaci mu yayyafa fiya-fiya, amma damina ba ta wucewa sai sun kwanta zazzaɓi. Kuɗin hannuna kaɗan ne. Me zan saya?"

'Yar'uwa, Allah ya raya mana su. Ki fara da gidan sauro mai magani. Macen sauron da ke kawo maleriya da dare take cizo, galibi bayan mutane sun yi barci. Maganin hayaƙi kan cinye kafin asuba, ga tari da yake sa yara a rufaffen ɗaki. Gidan sauro kuwa yana nan har gari ya waye, kuma maganin da ke jikin zarensa yana kashe sauron da ya sauka a kansa. Idan an kula da shi yakan kai shekara 3. Kafin ki fitar da kuɗi, ki tambaya a asibitin unguwarku, domin akan raba shi kyauta wajen awon ciki da rigakafin yara.

Sabo ne? Ki shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana a ciki, don kada ya sa ƙaiƙayi. Ki riƙa cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma, ki ɗinke duk inda ya yage. Wanki sai ya yi datti sosai, da sabulun wanka, shanya kuma a inuwa. Idan zafi ya kore ku tsakar gida, a fita da shi a ɗaura a can.

Fiya-fiya kuwa, don Allah ki raba shi da gidanki. Gubar ƙwarin gona ce ake ɗurawa a kwalabe ba suna ba ma'auni, kuma yaro mai rarrafe bai san bambancinta da abin sha ba.

Tsakanin Yuli da Oktoba ma'aikatan lafiya kan bi gida-gida a jihohin Arewa suna ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin kariya duk wata. Ki karɓa, ki kuma ƙarasa ba yaron na kwana biyun da za su bar miki. Ina nanata wannan ne saboda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke, kuma ƙananan yara ne suka fi mutuwa.

Wani magidanci daga Kano ya ce: "Da na ji jikina ya yi zafi sai in shiga kemis in sayi maganin maleriya. Wanne ya fi kyau?"

Malam, kafin magani sai gwaji. Akwai gwajin ɗigon jini daga yatsa wanda ke nuna sakamako cikin minti 15 zuwa 20, kuɗinsa ma yawanci bai kai na maganin ba. Zazzaɓi iri-iri ne, kana iya shan maganin maleriya alhali wani ciwo ne ke cin ka. Idan gwaji ya tabbatar, magungunan haɗi irin su Coartem ake bayarwa, na kwana 3. Ka shanye duka ko da ka ji sauƙi a rana ta biyu. Kulorokwin an daina dogaro da shi a Najeriya tun 2005, domin ƙwayar cutar ta daina jin sa. Idan kuwa yaro ne yake jijjiga, ko yawan amai, ko ya kasa shan nono, a wuce asibiti nan take.

Wani ɗalibi mai karatun dare ya tambaya ko man shafawa na korar sauro ya cancanci kuɗinsa.

Ya cancanta, ɗan'uwa, ga wanda zai zauna a waje. Ka duba wanda aka rubuta DEET a jikinsa, wato sinadarin da ke korar sauron, da lambar NAFDAC. Ka shafa a hannu da ƙafa da wuya, ban da ido da baki da inda ke da rauni. Sa'o'i kaɗan yake yi, don haka idan ka tashi kwanciya ka shiga gidan sauro. Jaririn da bai kai wata 2 ba, ba a shafa masa.