Tambaya da amsa: Muna haɗa kiɗa da kwamfuta a ƙauye, ta yaya za mu sami masu sauraro a intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu uku ne a wani ƙauye da ke kusa da Gumel a Jihar Jigawa, kuma kusan shekara biyu ke nan muna haɗa kiɗa da tsohuwar kwamfuta da ƙaramin fiyano. Muna naɗar sautin kalangu da na sarewa daga makaɗan garinmu, sai mu sarrafa su a manhajar FL Studio, mu ɗora musu amon zamani. Mun gama waƙoƙi shida, ba mu da kamfani, ba mu da mai ɗaukar nauyi. Mun ɗora biyu a Facebook, amma ban da abokanmu babu wanda ya saurara. Wani ya ce idan muka biya shi zai kawo mana masu kallo dubu goma cikin mako guda. Shin mu biya? Kuma ta ina ya kamata mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙannena. Kada ku ba mutumin nan ko sisi. Abin da yake sayarwa ba mutane ba ne, asusun bogi ne da na'ura ke sarrafawa, su taɓa waƙa na 'yan daƙiƙoƙi su wuce. Facebook da YouTube da TikTok ba yawan kallo kaɗai suke dubawa ba, suna lura da tsawon lokacin da mutum ya tsaya a kan abu, da ko ya dawo ya sake ji, da ko ya tura wa wani. Idan suka ga dubban masu kallo sun shiga sun fice nan take, sai su ɗauka waƙar ba ta riƙe mutane, su rage nuna ta ga mutanen gaskiya, wato kun biya kuɗi an binne muku aikinku. YouTube yana goge irin wannan kallo idan ya gano shi, Spotify kuwa, manhajar sauraron waƙoƙi a intanet, tun 2024 yana cin tarar kamfanonin da ke rarraba waƙoƙi a kan sauraron bogi, su kuma kamfanonin sukan cire waƙar ko su rufe asusun mai ita. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kafin ku sake ɗora komai, ku tanadi aikinku. Ku fitar da kowace waƙa iri biyu: WAV, wanda shi ne asali mai cikakken sauti, yana cin kusan megabait 10 a kowane minti, da kuma MP3, wanda ya fi sauƙin turawa, domin waƙar minti huɗu ba ta kai megabait 10 ko da an fitar da ita a mafi ingancinsa. Ku ajiye asalin a wuri biyu, ɗaya a memori ko filasha, ɗaya a Google Drive, wanda ke ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, domin tsohuwar kwamfuta ba ta sallama idan za ta mutu. Ku buɗe imel guda da sunan ƙungiyar, da shi za ku yi rajistar duk shafukanku, suna iri ɗaya da hoto iri ɗaya a ko'ina, sannan ku kunna tsaro mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata lambar tabbatarwa kafin a shiga. Kada ku bari mai shagon caji ko wani ɗan'uwa ya buɗe muku asusu da lambar wayarsa, domin ranar da aka saɓa, shafin nasa ne.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. Masu sauraronku na farko ba a Legas ko Ingila suke ba, suna kasuwar Maigatari ranar Alhamis, suna tashar mota a Gumel, suna gidajen biki. A yankinmu waƙa ta fi yawo daga waya zuwa waya, ta Xender da Bluetooth da WhatsApp, da kuma wajen masu tura waƙoƙi a memori a bakin kasuwa. Mawaƙa da yawa suna kallon wannan a matsayin asara, kuma ga wanda ya riga ya yi suna akwai gaskiya a ciki, amma ga wanda ba a sani ba tukuna, wannan ita ce rediyonsa ta kyauta. Illarta ɗaya ce, waƙa takan yi nisa ta bar sunan mai ita a baya. Saboda haka kafin fayil ya bar hannunku, ku rubuta sunan ƙungiya da na waƙa a jikinsa da kuma cikin bayanansa, ku liƙa masa hotonku, sannan ku ambaci sunan ƙungiyar da murya a farkon waƙar, kamar yadda mawaƙan Kano suka saba ambaton situdiyon da aka yi aiki, domin ana iya canza sunan fayil amma abin da ke cikin sauti yana nan. Daga nan ku kai wa masu turawar da kanku. Idan za ku tura ta WhatsApp, ku tura ta a matsayin fayil, kada ku kunna ta ku naɗa a saƙon murya, domin hakan yana kashe amon kalangun da kuka sha wahalar ɗauka.

Wanda ya ji ya so, dole ya sami inda zai same ku. Ku fara da Audiomack, manhajar ɗora waƙoƙi da sauraronsu, domin ɗora waƙa a can kyauta ne, ba a buƙatar ɗan tsakiya, kuma mai sauraro yana iya sauke ta cikin manhajar ya ji ba tare da data ba. Ku haɗa da tashar WhatsApp, wadda aka fito da ita a 2023, inda mabiya ke samun sanarwarku kai tsaye ba tare da sun ga lambobin juna ba. Mutum ɗari biyu da suka bi tashar da kansu sun fi muku dubu goman can amfani, domin su ne za su kira ku biki.

Game da bidiyo, abin da kuke da shi wanda wasu ba su da shi shi ne makaɗan nan. Ku ɗauki gajeren bidiyo na daƙiƙa talatin, a ga dattijo yana matsa kalangu a hammata, sannan a ga yadda sautin ya shiga kwamfuta ya fito da sabuwar kama, ku sa a TikTok da YouTube da Facebook, tare da bayanin inda za a sami cikakkiyar waƙar. Kada ku saki waƙoƙi shidan rana ɗaya. Ku riƙa sakin guda bayan kowane mako huɗu ko shida, kuna cike tsakanin da irin waɗannan bidiyoyi.

Spotify, wanda ya shigo Nijeriya a 2021, ba ya karɓar waƙa daga hannun mawaƙi, sai ta kamfanonin rarrabawa irin su DistroKid, mai karɓar kuɗin shekara, ko CD Baby, mai karɓar kuɗi sau ɗaya a kan kowace fitarwa ya kuma cire kasonsa, kuma da dala ake biya. A ganina ku jinkirta wannan, domin tun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, Spotify ba ya biyan komai a kanta. Haka YouTube, kuɗin talla sai tasha ta tara mabiya 1,000, tare da awa 4,000 na kallo cikin shekara ko kallon gajerun bidiyo miliyan 10 cikin kwana 90. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tun yanzu da babu kuɗi, ku zauna ku rubuta kason kowa a takarda a gaban shaidu, har da makaɗan da kuka naɗi kiɗansu, ku kuma nemi yardarsu kafin ku sa fuskarsu a intanet. Haƙƙinsu ne, kuma su ne gishirin aikin.

Tambaya: Malam, ni daga wani ƙauye nake a yankin Ɗambatta. Duk lokacin da nake ɗora waƙa sai ta kai rabi ta tsaya, datata ta ƙare a banza.

Amsa: Ɗan'uwa, saurin ɗorawa yakan gaza na saukewa nesa ba kusa ba, musamman inda mutane da yawa ke kan turken sabis guda. Ka gwada da asuba ko bayan sha biyun dare, ka dakatar da sabunta manhajoji da ajiyar hotuna ta kai tsaye, ka sa wayar a caji, kada ka bari fuskarta ta mutu har a gama. Idan bidiyo ne, ka fitar da shi a ingancin hoto na 720 maimakon 1080, domin a fuskar waya bambancin kaɗan ne. Idan duk da haka ya ƙi, ka tara ayyukanka ka ɗora su ranar da ka shiga cikin garin Ɗambatta, inda sabis ya fi ƙarfi.