Amsa: Alps ko Sikotland don tuƙa keken dutse a hutun bazara?

Malam, ka ce kana son kai kekenka Turai, kana neman hanyoyin da ƙafa ke aiki, a hau a gangara, kuma ka rasa zaɓi tsakanin tsaunukan Alps da Sikotland.

Ka daina kallon kilomita tukuna, ka dubi yawan hawan. Hanyar kilomita 30 mai hawan mita 1,200 ta fi ta kilomita 60 a shimfiɗe cin cinya, balle can sama inda numfashi ke sarƙewa tun ba a je ko'ina ba.

Garuruwan Morzine da Les Gets da ke tsaunukan Alps a Faransa sun yi suna, amma yawanci na'urar ɗaukar mutane ke kai mahaya sama su sulalo. Ba irin naka ba ne. Ni da yankin Graubünden na Siwizalan zan ba ka shawara, don can an yarda mai keke ya bi yawancin hanyoyin masu tafiya a ƙasa. Ostiriya kuwa, hattara: hanyar daji ba ta keke ba ce sai wadda aka sa wa alama.

In wannan ne karonka na farko, dajin Glentress a Sikotland ya fi sauƙin sha'ani. An raba hanyoyin da launi, daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya: kore, shuɗi, ja, baƙi. Fara da shuɗi ko da kana ji da kanka.

In Alps ka zaɓa, jira Yuli, ƙanƙara kan toshe manyan mashigai har Yuni. Ka fita da sassafe, domin hadari da tsawa sun fi tasowa da yamma.