Takardar zama ta 'yan Yukiren a Jamus da doguwar tafiya

Malam, kana tambaya ko takardar zaman matarka 'yar Yukiren, ta sashe na 24 na dokar zaman baƙi ta Jamus, za ta mutu idan matar taka ta koma Kyiv jinyar mahaifiyarta. E, takardar tana iya mutuwa. A dokar Jamus, wanda ya wuce wata 6 a waje takardarsa ta faɗi, ko da kwanan da ke jikin katin bai cika ba.

Abin da na gani yana cin mutane shi ne tafiya ba sallama. Kafin ta tashi, ta je ofishin baƙi ta nemi ƙarin wa'adi, kuma a ba ta a rubuce. Idan tana karɓar tallafi daga Jobcenter, ofishin tallafa wa masu neman aiki, wannan lissafinsa daban ne: yawanci tafiyar mako 3 ake yarda da ita a shekara, sai dai idan akwai dalili mai ƙarfi kamar jinyar dangi, kuma duk sai da izininsu.