Ɗana ya ce kurket ce sana'arsa: ana cin abinci da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe zaune a Jidda da iyalina. Ɗana mai shekara 15 ya saba da yaran Pakistan na unguwarmu, duk Juma'a bayan asuba sai ya bi su fili wasan kurket, kuma an ce hannunsa ya faɗa wajen bugu, wato buga ƙwallo da sanda. Yanzu karatu ya fara yi masa nauyi. Shin mai bugu zai iya riƙe kansa da gasar cikin gida ko da bai kai ga ƙungiyar ƙasa ba? Daga wani uba a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya raya mana shi. Ana ci da ita, amma ba a ko'ina ba. Ƙasashen da mai bugu ke rayuwa da gasar cikin gida su ne masu wasan kwana huɗu, kamar Indiya da Kofin Ranji tun 1934, Ingila da ƙungiyoyin gundumomi 18, Pakistan da Kofin Quaid-e-Azam, Ostareliya da Sheffield Shield. A Ingila kwantiragi ake sa wa hannu, kakar kuma daga Afrilu zuwa Satumba. Nan Saudiyya babu irin wannan gasa tukuna. Yawancin waɗanda ɗanka ke gani a fili ma'aikata ne, da hutun Juma'a suke wasa.

Aikin mai bugu yana da wani ɗaci da ya kamata yaron ya sani tun yanzu. Ɗan ƙwallon ƙafa zai yi kuskure goma, ya ci ɗaya a manta. Mai bugu kuwa kuskure ɗaya ne ya fita. Ya ɗaura kariyar ƙafa, ya sa hular kwano, ya jira awa uku a inuwa, jifar farko ta goge gefen sandarsa a cafke, ya dawo ya zauna yana kallon wasu har la'asar. Masu zaɓe lissafi suke bi: makin da ya tara a raba da yawan fitarsa. Wanda ke riƙe da 40 zuwa sama shekara da shekaru shi ake kira gwani. Kaka biyu marasa kyau sun isa a ajiye mutum, ƙalilan ne kuma ke wuce shekara 40 suna wasa.

Gwanintar ma ba ta ba da tabbas. Amol Muzumdar ya ci maki 260 a wasansa na farko wa Bombay, ya tara sama da 11,000 a rayuwarsa, amma bai taɓa buga wa Indiya ba ko sau ɗaya, domin ya taso lokacin manyan masu bugu irin su Tendulkar da Dravid sun cike gurbi. Ni ban ɗauke shi wanda ya yi asara ba. Ya shekara kusan 20 yana sana'arsa da mutunci, daga baya ya zama kocin matan Indiya, suka ɗauki Kofin Duniya a 2025.

Na san abin da ke ruɗar yaranmu na Jidda. A garin aka yi gwanjon 'yan wasan IPL, gasar kurket mai kuɗi ta Indiya, a Nuwamban 2024, aka sayi Rishabh Pant rupi (kuɗin Indiya) miliyan 270, aka sayi Vaibhav Suryavanshi mai shekara 13 rupi miliyan 11. Sai dai dukansu ta Kofin Ranji suka biyo. Pant ya taɓa cin 308 a shiga ɗaya a can, Suryavanshi kuma ya buga wa jihar Bihar yana ɗan shekara 12.

Sai batun takardu. A dokar hukumar kurket ta duniya, ICC, mutum na iya buga wa ƙasar da aka haife shi, ko wadda yake riƙe da fasfonta, ko wadda ya zauna shekara uku a jere. Ke nan ƙofar ƙungiyar Saudiyya ba a rufe take ba ga mai iƙama, kuma ƙungiyar ta ɗauki Kofin Challenger na Asiya a 2023 da 2024. In fasfon Najeriya gare shi, can ma akwai hanya, 'yan ƙasa da shekara 19 ɗinta sun je Kofin Duniya a 2020.

Kada ka hana shi, kada kuma ya ajiye littafi. Tambaye shi da wace ƙwallo suke wasa. In ta tanis ce da aka naɗe da salatif, ba a gwada shi ba tukuna. Ta gaske fata ce mai tauri, wajen giram 160, daga nisan mita 20 ake jefo ta, tana iya karya yatsa. Ka kai shi ƙungiya mai rajista a ƙarƙashin hukumar kurket ta Saudiyya, ya yi kaka biyu da wannan ƙwallo, ana rubuta makinsa wasa bayan wasa. Da wannan takardar za ku je wajen koci.